Ranar da Tsuntsaye Suka Yaudari Uppuppa

A ƙauyenmu na bakin teku akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ba ta iya zama wuri ɗaya ba. In ka ganta a nan, kafin ka juya ta ɓulla a can. Shi ya sa kakanta yake kiranta Ƙaguwa. Ita kuma tana kiransa Uppuppa, kamar yadda kowane yaro a wajenmu yake kiran kakansa.

Sunan tsohon Nuhu Kannu. Baban yarinyar yana aiki a Maskat, can ƙasar waje, sai shekara-shekara yake zuwa. Don haka su uku ne a gida: ita, da Ummanta, da Uppuppa.

Uppuppa shi ne mai duba na tarun wani masunci mai suna Shahul. Kullum da sassafe yana hawa tudun yashi da farin tawul a kafaɗa, ya zuba wa teku ido. Fararen tsuntsayen nan da muke kira hankakin teku su yake kallo. In ya ga sun taru suna faɗawa ruwa, ya san garken kifi ya matso. Sai ya kaɗa tawul. Kwale-kwale ya fita ya zagaye kifin da taru. Maza kuma su kama igiya, su yi ta ja har tudu.

Taru biyu ne a gaɓarmu, na Shahul da na Antoni. Bi da bi suke jefawa. Wanda ya jefa, ko ya kama ko bai kama ba, ya ci rabonsa. Sai ya jira ɗan'uwansa ya jefa.

Saboda haka muke da doka guda. Ba a ba tsuntsaye abinci da safe, sai taru ya fito. Ko yaron da bai iya ɗaura zane ba ya san wannan.

A 'yan kwanakin nan Uppuppa yana cikin damuwa. Wata safiya ya makara wajen kaɗa tawul, kifi ya wuce. Tun ranar, Sulfi, ɗan ƙanwar Shahul, ya sa shi a baki.

"Idon tsohon nan ya ƙare," in ji Sulfi. "Ko jirgi ba ya gani, balle kifi."

Shahul bai so maganar ba, amma shi ma ya ce, "Baba Nuhu, a ƙara lura. Gidaje da yawa ne suke ci daga igiyar nan. In aka sake, ban san abin da zan gaya wa mutane ba."

Yarinyar ta ji wannan da kunnenta. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce ba ta sani ba.

Ranar Juma'a, kafin a tashi daga makaranta, Malama Omana ta ba su aiki.

"Ranar Lahadi kowa ya zauna a bakin teku," ta ce. "Ku kalli mutane, ku kalli tsuntsaye. Ranar Litinin kowa zai faɗa mana abin da ya gani."

"Malama, ai kullum muna gani," in ji wani yaro.

"Kuna wucewa dai," Malama ta ce. "Na ce ku zauna ku kalla."

Lahadi ta zo. Yarinyar ta sa jar rigarta, wadda babanta ya aiko mata. Ta sha kunun shinkafa a tsaye. Umma ta shimfiɗa tabarma a kan yashi, ta baza 'yan ƙananan kifaye don su bushe. Har lokacin da ɗanyensu.

"Ga wurin zamanki," Umma ta ce. "Ki yi kallonki, ki kore mini hankaki. Zan je in taya innarki kankare kwakwa."

"To, Umma."

"Ban da yawo."

"Ni? Yawo?"

"E, ke. Ai ba wata nake nufi ba."

Uppuppa ya zo wucewa zuwa tudunsa. Ya ja mata kunne kaɗan.

"Ƙaguwa, yau an ɗaure ki ke nan?"

"Aikin makaranta nake yi, Uppuppa. Ni ma yau mai duba ce."

Ya yi dariya. "To, in kin ga kifi kafin ni, ki aiko mini."

Ba a daɗe ba motocin 'yan birni suka fara isowa. Yarinyar ta gyara zama. Kallon 'yan birni ya fi wasan kwaikwayo daɗi.

Wani mutum mai tumbi ya naɗe wandonsa har gwiwa. Ya taka ruwa a hankali kamar mai tsoron ya tashe shi daga barci. Wani raƙumin ruwa ya zo ya zaunar da shi daɓas. Matarsa ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Wasu ango da amarya sun juya wa teku baya, suna ta ɗaukar kansu hoto. Mai sayar da mangwaro da barkono yana ta kiran ciniki. Mai gadin ruwa kuwa sai hura usur yake, babu mai saurarensa.

Tsuntsaye ma suna nasu harka. 'Yan ƙanana masu siraran ƙafafu suna bin ruwa da gudu in ya koma, su juyo da gudu in ya dawo. Jar shirwa mai farin kai tana shawagi can sama. Balbela guda ta tsaya a gefen kwale-kwale kamar ita ce mai shi. Hankakin teku kuwa suna can nesa, sun zauna a kan ruwa, ba sa komai.

Tana cikin kallon nan sai wata yarinya ta tsaya a kanta. Sa'arta ce. Tana da hular rana da wayar babanta a hannu.

"Sunana Debika," ta ce. "Daga Bangalor muka zo. Ke 'yar nan ce?"

"E."

"Me ya sa tsuntsayenku ba sa zuwa kusa? Tun ɗazu nake so in ɗauke su, sai gudu suke."

"Ba su san ki ba ne."

Debika ta taɓe baki. "Bara mun je wani bakin teku, tsuntsaye har a hannuna suka ci abinci. Nan kam babu komai. Sai wari da hankaki."

Maganar nan ta soki yarinyar. Kowa yana iya zagin garinsu, amma ba ya so baƙo ya zaga.

"Ni in na kira su, zuwa suke yi," ta ce.

"Ƙarya."

"Wallahi."

"To kira su in gani."

Yarinyar ta dubi tabarmar Umma. Ta dubi tudun yashi. Uppuppa yana can nesa, ya kare ido da tafin hannu. Taru yana cikin kwale-kwale, ba a jefa ba. Ta san dokar. Amma Debika tana tsaye tana murmushin raini.

"Ai kaɗan ne," ta ce a ranta. "Kuma can zan je, nesa da su."

Ta ɗebi kifi ta cika gaban rigarta. Ta ce, "Biyo ni."

A ƙarshen gaɓarmu akwai doguwar katangar baƙaƙen duwatsu da ta shiga cikin teku. Suka bi ta har ƙarshe. Yarinyar ta ɗebi kifi cike da hannu, ta watsa cikin ruwa.

Tsuntsu guda ya taso. Sai na biyu. Kafin ka ce me, sama ta yi fari fat. Suna kuka, suna karo da juna, suna faɗawa ruwa kamar ana jifa da duwatsu. Iskar fukafukansu tana taɓa fuskar yaran.

"Kai! Kai!" Debika tana tsalle. "Ƙara! Ƙara watsa musu!"

Yarinyar ta ƙara. Ta sake ƙarawa. Daɗi ya cika ta. Ba ta lura ba ruwa yana jan kifin daga duwatsu zuwa tsakiyar gaɓa, tsuntsayen kuma suna binsa.

Sai ta ji ihu daga nesa.

"Hooi! Hooi!"

Ta waiga. A kan tudun yashi, farin tawul yana kaɗawa.

Ta ga maza sun taso da gudu suna tura kwale-kwale. Har lokacin bai shiga ruwa ba. Da ta ruga tana ihu, da sun ji ta. Ita ce fa Ƙaguwa, babu yaron da ya kai ta gudu a ƙauyen.

Amma ta tuna za a tambaye ta me take yi a can. Za a ga rigarta tana ƙarnin kifi. Sai ta durƙusa a bayan wani dutse.

"Me ya faru?" Debika ta tambaya.

"Babu komai. Ƙaya ce ta soke ni."

Tana durƙushe tana leƙe har kwale-kwale ya haye raƙuman ruwa. Ya yi babban zagaye, yana zubar da taru a bayansa. Daga nan kuma babu sauran gyara.

Ta koma wurin tabarma da sanyin jiki. Hankaki sun riga sun yi biki. Abin da ya rage bai cika kwano ba.

Jan taru ba wasa ba ne. Maza suka rabu gida biyu, kowane gida da igiyarsa. Suka kafa dugadugai a yashi. Mai ba da waƙa yana bayarwa, suna amsawa, suna ja da baya. Wanda ya kai ƙarshe ya dawo gaba ya sake kamawa. Rana ta yi ta hawa. Gumi ya wanke kowa. 'Yan birni ma suka zo suka kama igiya don a ɗauke su hoto, hannu ya yi zafi suka saki.

Mata suka fito da manyan kwanoninsu, suka jeru suna jira. Uppuppa ya sauko daga tudu, fuskarsa cike da fara'a.

"Ƙaguwa!" ya kira ta. "Kin gan su? Kin ga yadda suka faɗa? Yau za ki ci kifi har ki gaji."

Ta kasa dubansa. Ta ce, "Na gani, Uppuppa."

Rana ta kusa tsaka lokacin da jakar taru ta iso tudu. Tun kafin ta iso waƙa ta mutu, don masu ja sun ji babu nauyi. Aka buɗe. Ga ledoji, ga ciyawar ruwa, ga 'yan ƙaguwoyi, ga takalmin roba wari guda.

Matan suka kifa kwanoninsu a ka, suka fara watsewa.

Sulfi ya ɗaga takalmin sama.

"Jama'a, ga kifin Baba Nuhu! Wa zai saya? Da miya ake ci ko a soye?"

Wasu suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Kowa ya gaji.

"Na ga tsuntsaye," Uppuppa ya ce a hankali. "Wallahi na gan su. Suna faɗawa, suna tafiya."

"Mu ma muna ganin abubuwa a mafarki," in ji Sulfi.

"Sulfi, rufe mana baki," Shahul ya ce.

Kamar abin bai isa ba, ba a gama naɗe igiya ba sai ruwa ya yi duhu a tsakiyar gaɓa. Garken kifi na gaske ne ya shigo. Amma yanzu rabon Antoni ne. Mutanen Shahul suna tsaye da hannuwa a saluɓe, suna kallo aka jefa, aka ja, aka fito da kifi tuli guda yana walƙiya a rana.

Shahul ya matso kusa da Uppuppa. Ya rage murya.

"Baba Nuhu, tun ina yaro kake kan tudun nan. Ba zan manta ba. Amma ka ga mutane. Ka huta haka nan."

Uppuppa bai yi musu ba. Ya sauke farin tawul daga kafaɗarsa. Ya ninke shi da kyau, ya sake ninkewa. Ya miƙa wa Shahul da hannu biyu. Sannan ya juya ya nufi gida, kafaɗarsa babu komai.

Yarinyar tana tsaye tana kallo.

Debika ta zo da gudu, babanta yana kiranta daga mota.

"Na gode!" ta ce. "Gaskiyarki, tsuntsayenku sun fi na ko'ina. Sai na nuna wa 'yan ajinmu."

Ta ɗaga hannu ta tafi. Ita ba ta san komai ba, kuma ba laifinta ba ne. Baƙuwa ce, ba ta san dokar ba.

Da Umma ta dawo ta ga tabarma, sai ta riƙe haɓa.

"Ina kifina?"

"Hankaki ne, Umma."

"Ke kuma kina ina?"

"Na ɗan je can ne."

"Na sani ai! Ba na ce ban da yawo ba? Wannan yarinya, me zan yi da ke?"

Umma ta yi ta faɗa. Yarinyar ta shiga tattara sauran kifin. Faɗan ma daɗi ya yi mata, don ta san ta cancanci abin da ya fi shi.

Da yamma aka dafa rogo, babu kifi, sai barkono da albasa. Uppuppa bai ci ba. Yana zaune a ƙofar gida yana fuskantar teku. Ya kira ta.

"Ƙaguwa, zo ki zauna. Gaya mini, wane launi ruwan yake yanzu?"

"Shuɗi ne, Uppuppa. Can gaba kuma ya yi ja saboda rana."

"Hm." Ya gyaɗa kai. "Tsuntsayen nan ba su taɓa yi mini ƙarya ba. Tun ina saurayi muke tare. Ba su ba ne. Idona ne. Wataƙila ma babu tsuntsun da na gani."

"Akwai, Uppuppa! Ni ma na gan su."

"Kina dai so ki faranta mini." Ya shafa kanta. "Yarinyar kirki."

Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi.

Washegari da sassafe ta ga Uppuppa ya tashi kamar kullum. Ya ɗaura zane. Ya kai hannu kan ƙusar da yake rataye tawul. Hannun ya tsaya a bango. Sai ya koma ya zauna a kan gadonsa.

A makaranta Malama Omana ta ce, "To, 'yan kallo, wa zai fara?"

Wata ta ba da labarin shirwa da ta fizge kifi daga kwanon wata mata. Wani ya kwaikwayi mai tumbin da ruwa ya kayar, aji ya ɗauki dariya. Sai yaron da ke zaune a baya ya ɗaga hannu.

"Malama, ni na ga tarun Shahul ya kamo takalmi!"

Aka sake fashewa da dariya.

"Kakan wannan ne ya kaɗa tawul," yaron ya ce, yana nuna ta. "An ce ya makance."

"Bai makance ba!" yarinyar ta yi ihu. Ta kifa kai a tebur ta fashe da kuka.

Malama ta tsawata wa yaron. Ta kama hannun yarinyar suka fita, suka zauna a gindin bishiyar kwakwa. Ta bar ta ta yi kuka sai da ya lafa.

"Wannan kukan ya fi ƙarfin tsokana," Malama ta ce. "Me kika gani jiya da ba ki so ki faɗa?"

Yarinyar ta faɗa mata komai. Debika, da kifin Umma, da duwatsu, da yadda ta ɓuya.

Da ta gama, Malama ta fara yi mata tambayoyi.

"Kin san dokar?"

"Na sani."

"Kin ga tawul yana kaɗawa?"

"Na gani."

"To yanzu wa yake ɗauke da laifin?"

"Uppuppa."

"Nasa ne?"

"A'a. Nawa ne."

"Tsoho ne fa," Malama ta ce. "Kayan ya yi masa nauyi. Ki je ki karɓo abinki."

"Malama, za su tsane ni. Shahul zai kashe ni da faɗa."

"Zai yi faɗa, kuma yana da gaskiya. Faɗa yana wucewa. Amma kakanki yana can yana zaton idonsa yana nuna masa abin da babu. Kina so ya ci gaba da zaton haka?"

Yarinyar ta girgiza kai.

Da aka tashi, ba ta tsaya wasa ba. Tana isa gida ta faɗa wa Umma komai. Umma ta ajiye wuƙar da take yankan albasa, ta dube ta tsawon lokaci.

"Kika ce mini hankaki ne."

"Ki yafe mini, Umma."

"Nawa mai sauƙi ne. Sa takalminki. Je ki kira kakanki, ki ce ni na ce ya raka mu bakin teku."

Mutanen Shahul suna zaune a inuwar kwakwa suna gyaran taru. Sulfi yana cikinsu, da farin tawul a kafaɗarsa. Da suka ga Uppuppa sai hira ta tsaya.

Umma ta tura yarinyar gaba. "Yi magana."

Yarinyar ta dubi Shahul. Muryarta ta fito 'yar ƙarama.

"Ni ce na tara tsuntsaye jiya."

"Me kika ce?" in ji Shahul. "Ɗaga murya."

"Ni ce! Na watsa musu kifin Umma daga kan duwatsu, don in burge wata 'yar birni. Uppuppa ya ga tsuntsaye da gaske. Ba mafarki ya yi ba. Na ga ya kaɗa tawul, na ɓuya."

Shahul ya miƙe tsaye. Ya buɗe tafin hannunsa a gabanta. Igiya ta saɓule fatar, wurin ya yi ja.

"Kin ga wannan? Dubi hannun kowa a nan. Kin san gida nawa aka ci rogo gaya jiya?"

"Ku yi haƙuri," ta ce, hawaye yana zuba.

"Haƙuri ba ya dawo da kifin jiya. Wannan ya tafi ke nan."

Gaskiya ya faɗa.

Can Shahul ya ja numfashi. "Amma kin zo da ƙafarki, kin faɗa da bakinki. Manya da yawa ba za su iya ba." Ya juya. "Sulfi, kawo tawul ɗin."

Sulfi ya sauke shi yana sosa ƙeya. "Baba Nuhu, bakina ya yi yawa jiya. A yafe mini."

Shahul ya miƙa wa Uppuppa tawul. Amma tsohon bai karɓa ba. Jikarsa yake kallo.

"Ƙaguwa, wace riga kika sa jiya?"

"Jar nan, ta Maskat."

"Jar riga," ya ce. "A kan baƙin dutse. Gari kuma a waye sarai." Ya yi ɗan murmushi mai ciwo. "Da can, ko hankaka ne ya sauka a kan duwatsun nan sai na gan shi. Jiya jikata tana tsaye da jar riga tana watsa kifi, ban gan ta ba. Shahul, laifin yarinyar nan nata ne. Amma Sulfi ma bai yi ƙarya duka ba."

Yarinyar ta rungume shi tana kuka. "Uppuppa, ni na jawo."

"Ke kika jawo takalmi," ya ce. "Tsufa kuwa ba ke kika kawo shi ba."

Shahul yana nan riƙe da tawul. "To yanzu ya za a yi? Sulfi yana da ido, amma bai san me yake gani ba. Yau tun safe yake tambayar mutane ko ya kaɗa."

"Ai tudun yana da faɗi," in ji Uppuppa. "Zai ɗauki mutum biyu. Sulfi ya hau tare da ni. Shi ya gani, ni in faɗi ma'anarsa." Ya kama kunnen jikarsa. "Ranar Lahadi kuma wannan ce za ta hau. Tun da ta iya tara tsuntsaye, sai ta koyi karanta su."

Aka yi dariya, dariyar gaske wannan karon. Uppuppa ya karɓi tawul ya saɓa a kafaɗa.

Yarinyar ba ta tsira haka nan ba. Har ƙarshen wata, kullum bayan makaranta ita take kai wa masu gyaran taru ruwa, ita take gadin tabarmar Umma. Ba ta yi ƙorafi ba, kuma hankaka ko ɗaya bai samu komai ba.

Lahadi ta zagayo. Tun kafin motocin 'yan birni su iso, tana kan tudu kusa da Uppuppa.

"Me kike gani?" ya tambaya.

"Hankakin teku sun tashi. Suna faɗawa ruwa, can dama da kwale-kwalen Antoni."

"Ruwan fa?"

"Ya yi duhu a ƙarƙashinsu. Duhun yana tafiya."

"To me muke jira?"

"Tsaya tukuna, Uppuppa."

Ta juya ta dubi katangar duwatsu, tun daga farko har ƙarshe.

"Babu kowa a kan duwatsu," ta ce.

Uppuppa ya sauke tawul, ya danƙa mata. "Kaɗa."

Ta kaɗa da duk ƙarfinta. Ranar taru ya fito da nauyi, har 'yan birni sai da suka ja igiya da gaske. Kowane gida aka soya kifi.

Yarinyar ta yi murna. Amma har yau, in ta tuna yadda Uppuppa ya kai hannu kan ƙusa bai sami komai ba, sai ranta ya sosu. Ta kan ce da ma ta ruga da gudu tun lokacin da ta ga tawul.

Yara, doka ba ta zama ƙarama don kai kaɗai ne ka karya ta. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri. Duk lokacin da ka yi shiru, wani ne yake ɗaukar laifinka, kuma sau da yawa wanda ya fi sonka ne.